Ruwan Alwalar Balaraba

— kuma har yanzu ba ta buɗe ƙofa ba. Azahar ta wuce ta a ɗaki, ga la'asar na kawo jiki, ga tukunyar ruwa a kan murhu, itacen ma jiƙaƙƙe, sai hayaƙi… Tun safe ake yayyafi a kan kwanon rufi, Anguwan Rogo duk ta zama taɓo, sanyi har cikin ƙashi. Ni kuwa ina tsugune ina hura wuta saboda 'yar da ko sallama ba ta amsa mini.

Ke nake nufi. Ke da bakina bai saba kiran sunanki ba, 'yar fari ce ke, "ke" da "yarinyar nan" su ne iyakar abin da na taɓa ce miki tun kina goye. To ke — me kika yi wa fuskarki?

Na sani ai, tambayar ce kawai ba ta barina. Man nan na ƙara haske, ɗan bututu kamar na man goge haƙori, wanda Akunna, wadda kuke buga tafireta tebur da tebur, ke sayar muku daga jakarta a ofis. Da fari kin yi fes. Matan layi suna cewa aikin ofis ya karɓi Balaraba, ni ina kau da kai kamar ban ji ba. Sai kumatun suka yi ja. Sai rana ta sa hannu, ranar Jos da ba a jin zafinta sai ta gama ƙona mutum — baƙi-baƙi a nan, saɓa a can, goshi wani launi, wuya wani launi… Fuskar da Allah Ya yi ta baƙa sumul, mai sheƙi, irin ta kakarki. Wa ya ce miki da aibu? Ogan naku? Matan da kuke gani a majigi? Wa?

Na ɗauki kwalin man na juya shi, na sake juyawa. Ni da na koya wa kaina karatu da littafinki na aji ɗaya, da guntayen jaridar da ake ƙunshe gyaɗa, baƙi bayan baƙi, ina nunawa da yatsa kina yi mini dariya, har na kai ina karanta ɗan littafin ibadata ba mai ja mini — sai ga kwali ɗan mitsitsi ya gagare ni. Turanci. Hoton wata farar mace tana murmushi, shi kaɗai na iya karantawa. Kuma ai shi kika karanta ke ma, da duk bokon naki.

Wutar nan ta kama ko ba ta kama ba? Kai…

Sai na kira Dina. Nas ɗin nan ta Tudun Wada, wadda babanta da naki suka yi aikin kuza tare kafin babanki ya koma tuƙin babbar mota. Ta zo da lemarta, ta ja ki bakin ƙofa inda haske yake, ta riƙe haɓarki — abin da ni ban taɓa yi ba — tana juya fuskar kamar mai zaɓen tumatir. "Ke Balaraba, Baturiyar unguwar Rayfield kike son zama? Su ma fa Turawan shanya kansu suke yi a rana don su yi duhu." Kin yi murmushi a ranar. Sannan ta juyo gare ni. "Mama, abu kaɗan ne. A yar da man nan. Safe da yamma ta wanke da sabulun jarirai da ruwa mai ɗumi, da tafin hannu, ban da soso. Kar ta murza da tawul, ta dinga daddannawa. Man kaɗanya kaɗan tun fatar da danshi. In za ta fita, mayafi ko lema. Shi ke nan fa, Mama. Kar a ƙara komai, na san ku."

Na san ku. To ban ƙara ba! Allah Shi ne shaidata ban ƙara ba. Bututun na jefa shi masai da hannuna. Goggonki Mariya ta zo da lemon tsami da kanwa a ƙulle a bakin zane, wai a goga dattin ya fita, na ce a'a, har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Wata ta ce kurkum, wata ta ce a dafa ganyen darbejiya a yi surace, wata ta matso kusa da kunnena ta ce baki ne, a nemi rubutu. Duk na kore su. Ni, da ko ƙuda ba na iya kora da ƙarfi. Sosonki na ɓoye shi a bayan randa. Man kaɗanyan mai kyau na nemo, sabo, ba mai warin tsufa ba, na sa miki a 'yar tasa da murfi. Sabulu, ruwa, mai, mayafi. Sabulu, ruwa, mai, mayafi — har cikin sujada yake zo mini, Allah Ya yafe.

To me ya sa fuskar ba ta warkewa? Me ya sa kullum ƙara ja take yi, tana tsattsagewa kamar bangon da damina ta ci?

Ko akwai wani bututun? Jiya da kika fita na ɗaga katifarki. Na buɗe akwati, na zazzage kwalla, na laluba har cikin takalmanki na ofis kamar ɓarauniya a gidana… ba komai. Na zauna a bakin gadon, kunya ta rufe ni. Da na samu ma da na ji sauƙi, kin ji irin uwar da kika mayar da ni? Da na san da wa nake faɗa.

Fuskar ma da sauƙi. Wallahi da sauƙi. Fata ce, ƙasa za ta ci tawa ta ci taki. Sallar ce. Ke da kike tashina da asuba, kina ƙwanƙwasa buta a bakin ƙofata tun ba ki kai tsawon turmi ba — yanzu kowace salla in ajiye miki buta, in dawo in same ta cike, ta huce. Da fari kina ɗauka. Ina jiyo ki daga madafa kina jan iska ta tsakanin haƙora, ina cewa a raina ciwo ne, da haƙuri zai wuce. Sai kika fara jinkiri. Sai kika bar azahar ta haɗu da la'asar. Sai ranar nan kika ce, ba ki ko dube ni ba, "Inna, ki bari kawai." In bar me? In bar ki ki zauna ba alwala ba salla, saboda man jakar Akunna?

Taimama… na duba a littafina, na bi layin da yatsa, mara lafiya na da sauƙi. Amma ƙasa, a kan wannan ɗanyar fuska? Kuma wa zan tambaya ba tare da na tona ki ba? In je wurin malam in ce 'yata ta bar salla? Babanki na hanyar dawowa daga Bauci, zai tsaya a zaure yana kakkaɓe hula ya ce, yarinyar nan ta yi salla? In ce tana ciki. Ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba, kuma na gaji da tsayuwa a tsakaninsu.

Ya tafasa. Bari in juye.

Ai ba zan ba ki ruwan sanyi a garin nan ba. Sanyi shi ne ciwo, kowa ya sani. Da na haife ki, cikin irin wannan damina, Goggo Mariya ce ta yi mini wankan jego, tukunya na tururi, tana tsoma ganye tana fyaɗa mini a baya, ina cije leɓe tana cewa daure, zafin ne ke gyara jiki, in sanyi ya shige ki ba ya fita. Na daure. Na kuwa miƙe garau. Ke kina can hannun ungozoma, tana murza miki man kaɗanya har cikin matsematsi, ni ina kallon bango don kar a ce na kalli 'yar fari…

Ɗan na randa kaɗan a kai. Yatsa — yauwa, ɗumi, daidai yadda Dina ta ce. Kullum haka nake yi, ban taɓa ajiye miki ban tsoma yatsa ba.

Hayaƙin nan ya cika mini ido, ba na gani. Bari in ɗan watsa ruwan nan a fuska —

Wayyo Allah!

Fuskata… fatar idona… Innalillahi. Wannan ne ɗumi? Wannan?

Hannun. Dubi hannun. Hannun da ke juya masa a tanda tun kafin a haife ki, da ke sauke tukunya ba tsumma, da ke ɗaukar garwashi da yatsu ya kai wa maƙwabciya. Tafin ya zama kamar ƙirgi, me ya sani game da ɗumi? Ungozoma ai da gwiwar hannu take gwada ruwan wankanki, na gani ta wutsiyar ido, na gani, ban ɗauka ba… Kuma ni fuskata lafiyayya ce, ga ta tana raɗaɗi. Taki fa, da ba ta da fatar kirki a kai? Asuba, azahar, la'asar, magariba, lisha, da na safe da na yamma na sabulu — duk da wannan? Na kori lemon tsami, na kori kanwa, ina ta alfahari, ina bincike a ƙarƙashin katifa…

Ke kuma ba za ki ce Inna ruwanki na ƙona ni ba. Ina za ki iya? Uwa ta hura jiƙaƙƙen itace ta kawo miki har ƙofa. Sai ki ja iska ta haƙora, sai ki bar butar ta huce, in zo in ɗauke in zubar in kawo wani sabo mai tururi, ina jin haushinki. Ban taɓa tsayawa na ga yadda kike wankewa ba. Ajiyewa nake yi in juya.

Ga kiran salla can. Ni ma ban yi alwala ba.

Ruwan indararo a ganga, a ƙara. Gwiwar hannu… da saura. A ƙara. Kumatu — yanzu kuma kamar ya yi sanyi? Ko fuskar ce ta rikice? In ɗan ƙara na tukunya? A'a. A'a, bar shi. Ban ma san ɗumi ba, ni da na yi rayuwata a bakin wuta.

In kuwa ba ruwan ba ne? In na surka, na gyara, fuskar ta ƙi, sallar ta ƙi? In kin riga kin saba da zaman nan, ba don zafin ruwa ba? Ya Allah, na gaji…

"Ke… na surka shi. Taɓa ki ji."

Butar na hannuna, ba zan ajiye ta ƙasa ba wannan karon. An tayar da salla a masallacin layi. Wani abu ya yi ƙara — gadonki ne, ko kwanon rufi ne ke amsa ruwa… ban sani ba.