Ninkin Ma'aruf na Ƙarshe

Ranar da Rahina ta fita takaba, mata suka cika gidanta na unguwar Glenwood da kuloli da nasiha, kowace da irin tata. Wata ta ce ta je Kano ta huta, wata ta ce ta sayar da gidan, wata kuwa ko kunya babu ta fara lissafo mazan East Greensboro da ke zaune babu mata. Rahina tana ta "to" da "na gode", amma hankalinta yana cikin kabad ɗin ɗakin kwana, inda wata jaka mai ruwan toka take jingine tun watan Mayu.

Jakar lema ce, irin wadda ake goyawa a faɗo da ita daga jirgin sama. Shekara shida ita da mijinta Ma'aruf suna wannan wasa. Duk Lahadin da gari ya waye tas, sai su ɗauki hanya, tafiyar awa guda, zuwa wani fili da ke tsakiyar gonaki. Mutanen masallaci sun yi magana har bakinsu ya gaji. Ita ma'aikaciyar jinya, shi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutane da hankalinsu, me ya kai su? Kowa ya gama yanke cewa wata rana daga gonar wani Bature za a kwaso Ma'aruf. Sai ga shi ranar wata Talata yana yankan ciyawa a ƙofar gida zuciya ta tsaya, ya kwanta gefen injin, injin yana ta ƙara. Masu wancan hasashe babu wanda ya sake tayar da zancen.

Lema biyu ce a cikin jakar. Akwai babba, wadda ake sauka da ita kullum, mai ita ko wani nasa yake ninkewa. Akwai ta ko-ta-kwana, wadda sai ƙwararre mai lasisi ne ke ninke ta, ya ɗaure da jan zare da hatimin darma, ya rubuta kwanan wata a kati. In ta cika kwana ɗari da tamanin, ba mai barin ka shiga jirgi da ita sai an sake buɗewa an ninke. Babbar ta Rahina kuwa, tun da ta fara, Ma'aruf ne ke ninke mata. Tana da ciwon wuya, lema kuma in ta buɗe da ƙarfi fizgar mutum take yi kamar an taka birki, shi ya sa yake zama ya yi mata wani ninki nasa da ke buɗewa a hankali.

Matsalar kawai, Ma'aruf akwai nawa. Abin da wasu ke gamawa a minti goma, shi sai ya share rabin awa yana shafa ƙyalle, yana jera igiyoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai kitson amarya. Jirgi nawa ya tashi ya bar su saboda shi, ba ta san iyaka ba. In ta yi mita sai ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Ita kuma ta ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba."

Lahadinsu ta ƙarshe haka aka yi, sai dai ran nan babu dariya. Ta gaji, tana da aikin asuba washegari, shi kuma ya dage sai ya ninke tata kafin su tafi gida. Ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, ka yi sauri mana. Kullum sai ka sa mutum jira." Ta ɗauki makulli ta tafi mota ta zauna tana latsa waya. Da ya fito da jakar a kafaɗa, ba ta ce masa sannu ba. Wannan maganar ita ce ta fi cin ta a cikin wata huɗu da kwana goma, fiye da ganin takalmansa a bakin ƙofa.

Kwana biyu da fitarta takaba Malam Zabeirou ya kira. Mutumin Yamai ne, tsohon sojan lema, shi ne mai lasisin da ke filin, shi ne kuma ya fara jan Ma'aruf zuwa can.

Bayan gaisuwa da addu'a ya ce, "Madame, na duba littafina. Reserve ɗinki, ta ko-ta-kwana, ran Lahadi kwanakinta suke cika. In kina da niyyar dawowa, ki kawo min jakar in buɗe."

"Reserve ɗin kawai za ka buɗe ko?"

"Duka. Ni ban sa hatimina a kan jakar da ban zazzage ba. Babbar ma wata biyar tana matse. Bon, ƙyalle yana mannewa, roba tana mutuwa."

Rahina ta ce, "Shi ya ninke ta, Malam."

"Na sani. A gabana ya yi."

"To ba za a warware ta a kan tebur ba."

Ya fahimci inda ta dosa, bai kuma ji daɗi ba. Ya ce doka ba ta hana ta ba, katin yana da rai har faɗuwar ranar Lahadi, amma da 'yarsa ce da ya hana. Ta ce ta ji. Ya ce to ta zo da wuri, akwai maganar da ba a yin ta a waya.

Hajiya Bebi ce ta biyu da ta ji labari. Ita ce uwar Hausawan garin, ita ta kwana da Rahina makon farko na rasuwa, don haka tana da bakin magana. Ta zo ta tarar da jakar a kan kujerar falo, ta dube ta kamar ta ga maciji.

"Rahina, jiya-jiya kika ajiye takaba, yau kuma sama za ki? Ki bar abin nan a kabad mana. Ni hular marigayi Alhaji shekara goma sha ɗaya tana cikin akwatina, ban taɓa ta ba."

"Mama, hula ba ta lalacewa. Wannan in ta ƙara wata shida, ba abin da ya yi ba ne kuma, tsumma ce a dunƙule. Don a buɗe ya ninke ta."

"In kuma ta ƙi buɗewa?"

"Akwai ɗayar."

"In ta buɗe fa? Shi ke nan kin warware, ba ki da komai."

Rahina ta san gaskiya Hajiya ta faɗa. Ko ta ajiye, ko ta kai wa Zabeirou, ko ta faɗo da ita, ninkin nan ba mai zama ba ne. Abin da ya rage mata shi ne ta zaɓi inda za a rabu. Hajiya Bebi ta share ido da gefen mayafi, ta ce Allah ya tsare, ta kuma ce kada a kira ta sai an sauko.

Lahadi ta zo da sama garau, ganyaye sun fara ja a gefen hanya. Rahina ta tuƙa motar da kanta, abin da ba ta saba ba, har ta wuce kwanar filin sai da ta juyo. A rumfar kwano inda ake ninke lema, mutane suka taso ɗaya bayan ɗaya. Su ba su iya ta'aziyya irin tamu ba, sai runguma da bubbuga kafaɗa. Abigel, wadda suka koyi faɗowa tare da Rahina, ta riƙe ta tamau.

Zabeirou ya juya jakar, ya duba katin, ya duba hatimi, ya ja ta gefe.

"Ki saurare ni. Ki saki lemar a tsayin ƙafa dubu huɗu da ɗari biyar, sama da yadda kika saba. In kin kai dubu biyu da ɗari biyar ba ta buɗe ba, ki yanke. Kin ji? Ki yanke ta ta tafi, ki buɗe ta ko-ta-kwana."

"Na san procedure, Malam."

"Kin san procedure, amma ba ki taɓa yanke lemar mijinki ba. Abin da nake tsoro ke nan. Za ki tsaya lallashinta, ki ce bari in ƙara mata second ɗaya don shi ya ninke. Ƙasa ba ta san wannan ba. Kuma in kin yanke, iska za ta kai ta dajin can, wataƙila mu samo, wataƙila a'a. Ki amince da haka tun nan, ko ki ba ni jakar."

Ta dubi dajin da ya nuna. Ta ce, "Na amince."

"Ki faɗa da sunan Allah."

Ta faɗa. Ya sake ta.

Su goma sha huɗu ne a jirgin, a matse, gwiwar kowa a bayan wani. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau a ƙarƙashin hular kwano, ta zuba wa agogon tsayi da ke hannunta ido. Akwai abin da ake yi in an kusa kaiwa: tunda mutum ba ya ganin bayansa, sai na kusa ya ɗaga murfin jakarka ya duba ɗan fil ɗin da ke riƙe da lemar, ya bubbuga maka. A ƙafa dubu goma sha ɗaya Rahina ta sunkuya ta miƙa baya, yadda ta saba, ta jira. Babu hannun da ya taɓa ta. Shekara shida kowa a filin ya san wannan aikin na mutum ɗaya ne, ba wanda ya taɓa shiga. Ta ci gaba da sunkuyo cikin kunya da baƙin ciki. Can sai ta ji an ɗaga murfin a hankali, an mayar, an bubbuga sau biyu. Abigel ce.

Aka buɗe ƙofa, sanyi ya shigo. Ta yi bismillah ta fita.

Minti guda ake yi ana faɗowa kafin a buɗe, kuma a cikin mintin nan iska ba ta barin mutum ya yi tunani. Wannan ne karo na farko tun watan Mayu da kanta ya yi shiru. Gonaki suna ƙara girma, allurar agogo tana sauka. A dubu huɗu da ɗari biyar ta kai hannu baya ta jefa 'yar ƙaramar lemar da ke zare fil.

Ta ji jakar ta buɗe, igiyoyi suka miƙe, jikinta ya tashi tsaye. Ta ɗaga kai. Lemar ta fito, amma a dunƙule take, tana kaɗawa kawai, ta ƙi shan iska. Dubu huɗu. Ta san ninkinsa yana ɗaukar lokaci, ta jira. Dubu uku da ɗari biyar, ba abin da ya canza. Dubu uku. Ta ɗora hannun dama a kan jan maɗaurin da ake ja a yanke, ta ji yatsunta sun ƙi rufuwa a kansa, daidai yadda Zabeirou ya faɗa. Dubu biyu da ɗari takwas. Ta tilasta musu suka rufu.

Ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. "Malam, ka yi sauri mana."

Sai tsakiyar lemar ta kumbura, sannan dama, sannan hagu, ta baje shuɗiya a kanta. Ba fizga, ba girgiza. Ta ji an ɗauke ta cak, a hankali, wuyanta ko motsi bai yi ba. Agogo yana kan dubu biyu da ɗari shida.

Ƙarar iska ta ɗauke. A cikin shirun nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi, kuka mai sauti, tana ba shi haƙuri, tana yi masa sannu da aiki. Ba mai ji, ba mai cewa ta yi haƙuri. Ta so ta daɗe a can, ta ja igiyoyin birki don ta rage gudu, amma lema ba ta san hanyar komawa sama ba. Minti huɗu ta samu.

Ta sauka a tsaye. Lemar ta zube a ciyawa bayanta, ta tattaro ta a ƙirji kamar wanki ta nufi rumfa. Zabeirou yana tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ta nuna ya ga komai daga ƙasa.

"Yaya buɗewar?"

"Kamar kullum. Sai da ya sa ni jira."

Ya kawar da kai yana gyara tabarau. Ta shimfiɗa lemar a kan darduma, ta ware igiyoyin, ta rataya ƙyallen a kafaɗa yadda aka koya musu tun farko. Ta iya ninkin kowa da kowa. Da ta zo wurin da Ma'aruf ke daɗewa, inda yake cusa hannu ya yi wani abu da bakin lemar, sai ta tsaya.

"Malam Zabeirou, nan wurin yaya yake yi?"

"Wallahi ban sani ba, Madame. Nasa ne, shi ya ƙirƙiro saboda wuyanki. Na zaci ya nuna miki."

Ya so ya nuna mata, ba sau ɗaya ba. Kullum tana wajen shan kofi, ko tana waya, ko tana mota.

Ta kwantar da lemar a ƙasa. Kafin a cusa ta a jaka sai an fitar da iskar da ke ciki, kuma yadda ake yi shi ne mutum ya kwanta a kai da nauyinsa. Rahina ta durƙusa ta kwanta, ta kifa fuska a ƙyallen, iskar tana fita a hankali ta gefe har ta ƙare. Aka yi shelar jirgi na gaba, saura minti goma. Mutane suka ɗauki jakunkunansu suna zagaye ta. Ba ta tashi ba, babu kuma wanda ya ce mata ta yi sauri.