Sunan da ke Katin Asibiti

Motar a-kori-kura ta yo baya har bakin zauren Malam Barau, daidai lokacin da Inna Mero ke shanya barkono a ƙofar gidanta. Hantsi ne, mazan Yargoje duk sun tafi yankan dawa. Mutum biyu suka sauko, fes da su, ɗaya har da carbi a hannu.

"Sannu da aiki, Hajiya. Ke ce maƙwabciyar da aka bar ma makulli?"

"Ni ce. Lahiya?"

"Lahiya lau," in ji mai carbin. "Malam Abdulƙarim ya aiko mu daga asibiti. Ya ce a kwashe masara a kai kasuwar Yankara, likita na jiran a sawo magani."

Kwana shida ke nan da aka tafi da maƙwabcin nata Katsina, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. 'Yarsa Rukayya, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da yara uku, ta kai su wurin kawunsu a Mabai ta bi mahaifinta jinya. Masarar da ke kulle a gidan ita ce abincin marayun har kaka mai zuwa, kuma a hannun Mero aka damƙa ta.

Baƙin nan ba abin da ba su sani ba: ɗakin da yake kwance, lambar gado, har ƙarin jinin da aka yi masa jiya. Mai carbin ya nuna mata hoton tsohon a waya, an maƙala masa roba a hanci. Tausayi ya kama Mero, hannunta har ya kai haɓar zani inda ta ƙulle makullin. Sai ta dakata.

"Wa ka ce ya aiko ku?"

"Malam Abdulƙarim mana."

Shekara talatin da ɗoriya katanga ɗaya ce tsakaninsu, ba ta taɓa jin ɗan Adam ya kira shi haka ba. Daga liman har mai awo, Malam Barau suka sani. Ita kanta sai ranar tafiya ta san sunansa na yanka, da ta ji Rukayya na karanta shi a katin asibiti. Mero ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo a ƙofar gidanta.

"To madalla," ta ce, fuska a sake. "Sai dai buhunan da nauyi. Ku zauna ku sha ruwa, bari in kira 'yan sintiri su kama maku lodi."

Kafin ta fito da kwanon ruwan, motar ta sha kwana.

Nan take ta kira Rukayya. "Ke 'yar nan, mi kika sa a wayar taki?"

"Addu'a kawai na roƙa, Inna. Na ɗora hoton Baba da katinshi a Fesbuk, na ce mun kulle gida mun taho, a taya mu."

"To kin roƙi addu'a, ɓarayi sun ce amin. Goge shi yanzun nan. Mai yi maki addu'a ina ruwanshi da ko gida kulle yake?"

Rukayya ta fara kuka. Sai Mero ta ji an karɓi wayar, ta ji dariyar Malam Barau, tari na sarƙe ta.

"Mero, wai Abdulƙarim suka ce? Rabona da jin wannan suna tun innata na da rai." Ya numfasa. "Masarar na nan?"

"Ko ƙwaya ba ta hita ba, Malam."

"Alhamdu lillahi. Da ma ita ke raina. Yaran nan, ki riƙa leƙa mani su."

"Kai za ka dawo ka leƙa abinka."

Wayar ta katse. Mero ta zauna kan turmi, wayar a cinya, ta yi kuka mai isarta, don ta gane sallama ya yi mata.

Ranar Juma'a da safe Allah ya yi masa rasuwa. Aka kawo shi gida, bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Mero ce ta share zauren, ta shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi, kwana uku daga gidanta ake kai abinci.

A rana ta huɗu, da jama'a suka watse, ta kama hannun Rukayya har ɗakin hatsi, ta buɗe mata. Buhunan na jere yadda mai su ya bar su, da ɗinkin hannunsa a bakin kowane. Rukayya ta daɗe tana shafa ɗinkin kafin ta iya warware shi, ta auna abin kai niƙa.

Da yamma Mero na alwala a tsakar gidanta, ta ji yaran, da aka dawo da su daga Mabai, suna gardamar wanda zai kankare tukunya. Ta ɗaga kai. Hayaki na tashi a hankali ta bayan katanga.