Manajan da Ya Ƙi Tsayuwa

Ilu mai hoto ya saba da biki da suna, inda kowa ke ture kowa don ya fito a hoto. Taron kamfani kuwa bai taɓa ɗauka ba sai ranar da wani kamfanin madara ya tara makiyaya a Maigatari. Tun kafin a fara, Jannatu, jami'ar kamfanin da ta zo daga Kano, ta ja shi gefe.

Ta ce, "Malam Ilu, hoto ɗaya nake so. Manajanmu Abdulbaqi da Arɗo Ya'u, shugaban makiyaya, a tsaye suna musafaha, tambarin kamfani a bayansu. In ka samo shi, duk tarukanmu na yankin nan naka ne. In babu, sai ka koma wa amarenka."

Ilu ya ce ai wannan kamar an yi an gama.

Ina! Arɗo na shigowa Ilu ya ɗaga kyamara ya saita, sai ya ga tsoho shi kaɗai. Manaja fa? Ya sauke kyamara, ga manaja can ƙasa a durƙushe, da kwat ɗinsa da komai, kai a sunkuye. Ilu ya ɗauka igiyar takalminsa ce ta kwance.

An jera musu kujeru biyu a gaba. Manaja ya ɗauke tasa ya kai ta bayan lasifika. Da aka kira shi jawabi, fanka ya yi ta kallo, Arɗo kuma ya kafa wa taga ido. Kan Ilu ya ɗaure tamau. Gaba suke yi? To in gaba ce, me ya sa manaja ya aika wa Arɗo da ruwan sanyi tun kafin shi ya sha? Ga Jannatu sai nuna wa Ilu agogo take yi, shi kuwa gumi har cikin ido.

Ana dab da addu'ar rufe taro aka kira su biyun gaba. Manaja ya fara yin ƙasa kamar ɗazu. Haƙurin Ilu ya ƙare. Ya yi wuf ya cafke hannun kwat ɗin, ya miƙar da shi tsaye, ya ɗora hannun manajan a kan na Arɗo.

"Haba ranka ya daɗe, tsaya mana! Ku kalli juna! Yawwa!"

Ƙyas! Hoto ya ɗauku. Wani dattijo ya saki salati. Ilu ya duba hagu ya duba dama, bai ga abin da ya faɗi ya fashe ba.

Sai a waje wani makiyayi ya tare shi. "Kai ɗan nan, ba ka san 'yar Arɗo manaja yake aure ba? Tun da ya aure ta bai taɓa tsayawa a gaban surukinsa ba, balle ya haɗa ido da shi. Yau ka sa shi, a gaban jama'a!"

Hoton dai ya yi kyau, wallahi. Jannatu ta ji daɗi, kamfani ya buga shi a ƙaton allo a bakin hanyar Gumel. Tun daga ranar manaja in ya zo wurin sai ya kawar da kai.

Ilu ya samu aikin. A taro na gaba, a Sule Tankarkar, ya shigo da sabuwar riga yana fara'a, ya tsaya gaban makiyaya ya ɗaga kyamara. Gaba ɗayansu suka juya masa ƙeya.