Biskitin da Zai Fashe Gida Uku

Torvald ya ƙare ƙuruciyarsa yana kamun kifi a tekun Lulea, amma ranar da aka bar shi da jikoki biyu da curin fulawa, sai ya rasa inda zai sa hannunsa. 'Yarsa Majken ce ta kwaɓa curin da kanta, ta naɗe ta sa a firji don biskitin Kirsimeti, washegari numfashi ya gagare ta aka kwashe ta zuwa asibiti. Mijinta yana can wurinta. Likitoci kuwa sai kwana-kwana suke yi, babu wanda ya ce za ta dawo gida kafin bikin, babu kuma wanda ya ce ba za ta dawo ba.

"Kaka, ajiye wannan," in ji Tuva, babbar jikar, mai shekara goma sha biyu. Ta tare shi a ƙofar kicin.

"Man shanu ne fa. Daga gida na zo da shi, faranti zan shafa wa."

"A gidan nan ba ma cin abin da ya fito daga jikin dabba. Sau nawa za a gaya maka?"

An gaya masa kam, abin ne ya ƙi zama a kansa. Ba nama, to wannan ya ji. Amma ba madara, ba ƙwai, har zuma ma wai haƙƙin ƙudan zuma ce? Ya buɗe firji neman abin da zai zuba a gahawarsa, ya ci karo da kwalin madara mai hoton hatsi. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ita wannan ta ina ake tatsarta?"

"Kaka, don Allah."

Ƙanenta Sixten, ɗan shekara biyar, ya riga ya haye kujera ya baje ƙarafan yanka biskit: mai siffar zuciya, mai siffar akuya, mai siffar alade. Torvald ya ɗaga na aladen ya dubi Tuva.

"Shi wannan kun halatta shi ke nan?"

"Na fulawa ne, tsoho. Murza mana curin kawai."

Da ya kwance naɗin, ƙanshin citta da kirfa da kanumfari ya cika kicin, ga kuma shatin yatsun Majken a jikin curin. Ya ɗan tsaya kafin ya ɗora katakon murji a kai. Ya murza shi da kauri, yadda yake ganin abinci ya kamata ya kasance, yara suka yanka, aka zura faranti a tanderu. Maɓallan tanderun ma sai da ya murɗa guda uku, fanka ta tashi, fitila ta mutu, kafin Tuva ta ture hannunsa ta saita da kanta.

Farantin farko yana fitowa, Sixten bai ko jira ya huce ba. Ya ɗauki mai siffar zuciya ya ɗora a tafin hannu, ya runtse ido. Duk ɗan ƙasarsu ya san wannan al'ada: ka yi fata a ranka, ka danna tsakiyar biskitin da gaɓar yatsa, in ya fashe gida uku to abin da ka roƙa zai tabbata. Babu wanda ya tambayi yaron abin da ya roƙa, don kowa a kicin ɗin ya sani. Ya danna. Biskitin ya lotsa kamar burodi, ko tsagewa bai yi ba.

"Bai fashe ba," in ji shi a hankali. Ya ɗago ya dubi kakansa. "Ke nan Mama ba za ta dawo ba?"

Torvald ya yi saurin tare shi. "A'a, ɗan nan, wannan ba ya cikin lissafi. Ai dole ya lotsa, abin da babu man shanu a cikinsa ta yaya..."

"Ba man shanu ba ne," Tuva ta katse shi. "Kai ne ka murza shi kamar katifa. Mama sai ana hango katakon tebur ta cikinsa take bari."

Saura rabin curi, kuma babu mai iya kwaɓa wani. Torvald ya tattare hannun riga ya murza, ya murza, curin ya manne a tebur, ya barbaɗa fulawa, ya yage a tsakiya, ya haɗa ya sake. Zufa ta karyo masa alhali dusar ƙanƙara ta rufe rabin taga. Shi fa bai taɓa yarda da wannan shirmen ba, amma tsoro ya kama shi ƙwarai. In biskitin nan ya fashe gida biyu ko huɗu a hannun yaron, me zai ce masa?

Dabara ta zo masa lokacin da Tuva ta ja ƙanenta wanke hannu. Ya zaro 'yar wuƙa, ya juya ɗanyen biskit guda mai siffar zuciya, ya ja masa layi uku a baya daga tsakiya zuwa baki, ya kifa shi a kusurwar faranti ta hannun dama. Ya maimaita a ransa: dama, ta baya. Sai dai ana tsakiyar gashi Tuva ta buɗe tanderu ta juya farantin don kada gefe ɗaya ya ƙone. Da ya fito kuma, kafin Torvald ya gama lissafin ko dama ta koma hagu, ta kwashe su duka ta juye a babban kwano.

Suka huce, sirara, sun yi ƙaras-ƙaras. Sixten ya miƙa hannu.

"Tsaya, ba wannan ba. Ɗauki wancan. A'a, na ƙarƙashinsa. Kai, bari dai in duba..."

"Kaka, ba a zaɓa wa mutum," in ji Tuva. Ta kafe shi da ido, shi kuwa ya rasa ko ta gan shi da wuƙar ne ko kuwa haka kallonta yake.

Yaron ya ɗauki wanda ransa ya ba shi. Torvald ya riƙe bakin tebur, Sixten ya danna. Ƙas. Gida uku cif, kamar an auna. Sixten ya buɗe baki zai yi ihu, Tuva ta toshe masa da tafin hannunta.

"Shiru. Sai ka cinye duka ba ka yi magana ba, in ba haka ba ya lalace."

Ya hau tauna, idanunsa na ƙyalli. Torvald ya leƙa bayan gutsuren da ya rage a hannun yaron, sumul, babu alamar wuƙa ko kaɗan. Kansa ya ƙara ɗaurewa. Ya jawo kujera ya zauna.

"Saura kai," in ji Tuva. Ta laluba cikin kwanon, ta ciro guda ta ɗora masa a hannu. "Ai 'yarka ce."

Fatar tafinsa ta ji layukan nan uku tun kafin ya duba. Ya dubi yarinyar, ita kuwa ta mai da kanta ga goge tebur. Ya daɗe riƙe da shi. Wannan zai fashe yadda ake so, ya sani, kuma shi ya sa ba zai amfane shi da komai ba. Ya mayar mata.

"Riƙe wannan, naki ne."

Ya sa hannu a kwano ya ɗauki wani ba tare da ya zaɓa ba. Ya runtse ido, ya kira sunan Majken a ransa, ya danna. Ya ji ƙarar fashewar, sai ya dunƙule hannun bai duba ba, ya kai baki ya zuba duka.

Sixten ya haɗiye nasa, ya jawo masa hannun riga. "Gida nawa, Kaka? Uku ne?"

Torvald ya ɗora yatsa a leɓe, ya ci gaba da tauna a hankali, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.