Ƙafar da Ke Taka Keke

Jaka ɗaya, kaya kala biyu, kwalbar maganin tusar jaki, dutsen goge kaushi, bandeji, safa masu laushi. Su ne a kan cinyata lokacin da motarmu ta fara shiga gari. Goggo, ƙanwar Baba, ce ta kira ni. Ta ce tsiro ya fito masa a tafin ƙafa, irin tusar jakin nan da ke nutsewa ciki maimakon ta fito waje, kuma daidai inda yake taka keken ɗinki. Tunda na yi karatu a nesa, wai in zo da maganin can. Na ce ba likitanci na karanta ba. Ta ce duk boko ɗaya ne.

Mai kemis ɗin da ya sayar mini ya ja kunnena: maganin yana cin fata, kada a ɗiga wa mai ciwon suga. Na tambayi Goggo, ta ce ai sugar Baba ta tafi tuntuni.

Shagon yana nan yadda na bar shi. Teburin yanka, dutsen guga na gawayi, ƙyallaye a ƙasa. Rigunan 'yan makaranta sun yi tsibi har bakin taga, an kusa komawa makaranta. Goggo tana kan benci tana dasa maɓallai. Baba bai tsayar da keke ba sai da ya kai ƙarshen layi.

"Uwata, kin sha hanya a banza," ya ce. "Na warke."

Ya ba ni labari yana dariya. Da farko ya so ya ɗaure abin da zare, yadda ake yi wa na hannu har ya bushe ya faɗi, amma wannan ba shi da wuyan da zare zai kama. Sai ya riƙa fere shi da rezar da yake farke ɗinki. Yana ferewa, yana dawowa, har da 'ya'ya a gefe. Da ya gaji, ya sa bakin almakashi a garwashin guga ya yi ja, ya ɗora. Goggo ta ce ita ta runtse ido, shi ko gezau. Namijin duniya, in ji ta.

Na ce ya ɗora ƙafar a kan benci. Safar ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwa. Warin ne ya riga zuwa. Rami ne kamar faɗin maɓallin kwat, bakinsa fari, kewayensa ya yi duhu, yatsun sun kumbura suna ƙyalli. Na danna gefen da babban yatsana, na ƙara dannawa da ƙarfi. Baba yana kallon titi.

"Kin fara ne?" ya ce.

Na tambaye shi maganin suga. Ya ce ya daina, tunda ba ya jin komai a jikinsa. Na mayar da kwalbar cikin jaka. Na gaya masa yadda na sani, ba tare da na yi wa maganar kwalliya ba: ba warkewa ba ce, ƙafar ce ta daina ji, kuma duk takun da yake yi wa keken nan ramin yake ƙara wa zurfi. Goggo ta ajiye allura.

Ya ce ba inda za shi. Iyaye sun kawo yadi, ya yi musu alkawari, kuma tun da ya fara ɗinki bai taɓa sa yaro ya koma makaranta da tsohuwar riga ba. Na ce maƙwabcinsa tela zai iya ƙarasawa. Ya ce wannan ko aljihu bai iya dasawa a miƙe ba.

Ya riƙa juya kan keken da hannu. Sannan ya kawo zancen amininsa mai gyaran agogo, wanda ya shiga asibiti da ciwon ɗan yatsa ya fito da sanda.

"Idan suka yanke, da me zan taka?"

"Ban sani ba ko za su yanke, Baba. In ka zauna nan, babu ko tantama."

"Yaya, ka ji maganar yarinyar nan," Goggo ta ce a hankali.

Ya laluba takalminsa da ƙafa bai same shi ba, alhali yana taka shi. Shi ma ya gani.

Na durƙusa na zare igiyar da ke juya keken, na naɗe ta. Na ɗaure masa ƙafar da bandeji. Goggo ta kwashe rigunan ta tsallaka da su shagon maƙwabci. Baba ya kama kafaɗata muka fito, yana faɗin a bar taga a buɗe saboda gawayi bai mutu ba. Na koma na kashe shi da ruwa, na rufe tagar, na ja ƙofa na datse kwaɗo.

"Asibiti za mu yanzu," na ce. "Kuma ba zan koma ba sai na ga abin da ya rage na ƙafar nan."