Ranar da Mama Ta Juya wa Fergus Baya

Tun ranar da na kai Fergus gidanmu a garin Fitzroy Crossing, Mama ta maishe shi abokin wasa.

"Jan kunne, zo nan," in ji ta. "Waɗannan ƙafafuwan naka kamar sandar rake, ba a ba ku abinci a gidanku ne?"

Shi ko sai washe baki yake, wai shi ya samu shiga. Bature ne mai gyaran famfunan burtsatse, ga haƙuri ga rashin wayo. Ni kuwa duk dariyar da Mama take yi da shi ba ta yi mini daɗi. Na san abin da take nufi, amma ban gaya masa ba don kada ya karaya.

Da na ce mata aurensa zan yi, cewa ta yi, "Lurline, baƙo baƙo ne. Jirgi ke kawo shi, jirgi ke ɗauke shi."

Ban ga laifinta ba. Ubanta Samsudin mutumin Malaya ne, mai sana'ar nutso a teku a garin Broome. A zamaninsu macen ƙabilunmu na 'yan asalin ƙasar ba ta auren bare sai da izinin jami'in gwamnati. Shi da uwar Mama suka nema, aka hana. Da ciki ya fito, aka tusa ƙeyarsa cikin jirgi. Mama ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Haka muka yi ta ja. Fergus ya gyara mata rufin ɗaki, ya kai ta asibiti a Derby, ya koyi gasa burodi a garwashi har yana ƙona yatsu. Ita kuma ba ta fasa tsokanarsa ba. Wallahi har na fara jin haushin su biyun.

Wata Lahadi dangi suka taru a bakin kogi ana gasa kifi. Ina can ina ɗauraye kwanuka sai ga Fergus, fuska ta yi fari fat, makullin mota a hannu.

"Shi ke nan, Lurline. Mamanki ta ƙi ni."

"Me ya faru?"

"Na kai mata shayi, na ce Anti Maudie ga shayi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ja kujerarta ta juya mini baya, a gaban kowa! Na zagaya, ta sake juyawa. Me na yi mata?"

Kwanon hannuna ya suɓuce, ruwa ya tafi da shi.

"Har ka zagaya? Kai, Fergus, Allah ya shirye ka!"

Ina dariya ina hawaye, shi kuma ya tsaya sororo. Na riƙo rigarsa na ce, "Wawa, a wurinmu uwa ba ta kallon mijin 'yarta. Ba ta yi masa magana, ba ta kiran sunansa. Da baƙo ake wasa. Yau ka zama suruki."

Sai ya zauna a kan yashi.

Na ruga wurin Mama na durƙusa. Na kifa kaina a cinyarta ina kuka.

"Tashi, kin jiƙa mini zane," ta ce. "Kakata ta wajen uwa ba ta samu wannan ba. Dole ta riƙa gaisawa da ubana a kan titi kamar wani bare, don kada 'yan sanda su gane yana tare da uwata. Abin ya ci ta har ta mutu."

Ta gyara zama, bayanta na fuskantar inda Fergus yake, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ki ce wa wancan mutumin ya sa hula kafin rana ta soya shi. Kuma ya aiko da shayin ta hannunki."

Yanzu 'ya'yanmu uku. Har yau in ya hango ta a hanya sai ya ratse cikin ciyawa, yana murmushi shi kaɗai.