Jatan-lande da Yajin Maraɗi

Kwana goma sha ɗaya ke nan Malam Chaïbou bai ci abin kirki ba. Tun da aka yi masa aikin zuciya aka sallamo shi, bakinsa ya mutu. 'Yarsa Zahara, wadda ta ɗauko shi daga Maraɗi zuwa Greensboro ta Amurka don a duba shi, babu abin da ba ta dafa ba: tuwo, dambun zogale, farfesun kaza, kunu. Sai ya kai loma biyu ya ture kwano ya ce, "Alhamdu lillahi." Alhamdu lillahin me, mutum yana ƙarewa a kan kujera? Likita kuwa bai ɓoye mata ba: in ya ƙara rama kafin Litinin, za a mayar da shi lopital, wato asibiti, a zura masa robar abinci ta hanci. Tsohon ya ce shi dai kada a yi masa haka. Tsoro ya cika Zahara.

Ranar Asabar da la'asar maƙwabciyarta Yemima ta ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yar Jos ce, hawa ɗaya suke a gidajen hayar bayan titin Wendover, mijinta Ba'amurke ɗan bakin teku. Tana rungume da tukunya sai tururi take.

"Maman Hindou, maigidana ya dawo daga garinsu da jatan-lande da ƙaguwa, na dafa da masara da dankali irin nasu. Kar ki ji komai, tukunyar sabuwa ce, yau na sayo ta, don tawa ta sha dafa alade. Na ce ko Baba zai taɓa."

Zahara ta yi godiya ta karɓa. Amma da ta buɗe a kicin sai da tsigar jikinta ta tashi. Ƙafafu, gashin baki, idanu tsuru-tsuru. Tun zuwanta Amurka a 2001, shekara biyar ke nan, ba ta taɓa yarda ta kai waɗannan ƙwari baki ba. Mutumin da ya ƙi kaza, shi zai ci wannan? Ba don nauyin sabuwar tukunyar nan ba, da bola ta nufa.

Ta ɗauki jatan-lande ɗaya ta fizge kan, ta cire ƙafafu, sai ta ga hannunta yana tafiya da kansa. Ashe ta san aikin. Haka suke gyaran fara a tsakar gida suna yara, kuma duk gidan babu mai cin fara irin Baba.

Nan take ta ɗora kasko. Ta narka man shanu, ta daka tafarnuwa, ta soya da albasa har ta yi ja. Ta ciro ƙullin yajin ƙuli-ƙulin da innarta ta aiko, mai citta da masoro da kanumfari, wanda take tattali kamar ƙwai. Yau babu tattali. Ta zuba, ta tsinka da ludayi biyu na ruwan dahuwar, ta matse lemon tsami. Gishiri kawai ta ja wa hannu, don likita ya hana. Ta juye kayan a ciki ta jujjuya har kowanne ya sha romo.

Ba ta ce masa ci ba, ta gaji da roƙo. Ta ajiye tire a tabarma kusa da kujerarsa, ta zauna tana ɓarewa tana ci, ita ma a kan dole.

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Can ya ce, "Zahara, mene ne wannan?"

"Farar mutanen nan ce, Baba. A teku ake kama ta."

Ya miƙo hannu. Ya ci ɗaya, ya tsotse yatsa. Ya ci ta biyu. Sai ya sauko tabarma ya naɗe hannun riga. Zahara ta daina ci ta koma ɓare masa, ko ido ba ta ɗagawa don kada ya lura ya tsaya. Da ya jawo masara yana dangwalawa a romon, ta tashi wai za ta ɗebo ruwa.

Ba ruwa ta nufa ba. Ta fita ta buga ƙofar Yemima, hannu duk maiƙo, ta rungume ta tana kuka.

"Yana ci, Yemima. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a. Ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Haba, Maman Hindou, ai babanmu ne duka. Koma, kar ya neme ki."

Ta koma ta tarar ya suɗe tiren tas. Ya dube ta ya ɓata fuska.

"Tafarnuwar ta yi kaɗan," ya ce. "Gobe ki ƙara."

"To, Baba," ta ce. "Gobe zan ƙara."